Yadda Za a Horar da Sahrawi Su Kula da Zanen Duwatsun Ƙasarsu

A shekarar 2007 masu bincike suka tarar an fesa fenti a kan tsofaffin zanen duwatsu na Lajuwad, a kudancin Yammacin Sahara. Masu ɓarnar jami'an MINURSO ne, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke sa ido a lokacin kan tsagaita wutar 1991. Baƙin masana, irin na Jami'ar East Anglia ta Ingila da suka fara aiki a yankin Tifariti a 2002, makonni suke yi su koma gida. Tsaron dutse sai ɗan ƙasa, shi ya sa horar da Sahrawi ya zama dole.

Idan kai ne mai horarwar, fara da makiyayan raƙuma da direbobi. Su suka san kogunan Erkeyiz masu zanen jar ƙasa da faifan duwatsun Sulugila masu sassaƙen raƙumin dawa da karkanda. Haɗa kowane dattijo da matashi mai karatu daga sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Tinduf a Aljeriya, ɗaya ya nuna wuri, ɗaya ya rubuta. A rubuta sunan wurin da Hassaniyya, Larabcin Sahrawi, kamar yadda dattijon ya faɗa, kafin a ba shi lamba.

Darasin farko shi ne abin da ba a yi. Kada a zuba wa zane ruwa don launinsa ya fito, domin ruwa na jawo gishirin cikin dutse ya ɓantare fentin. Kada a bi layin sassaƙa da alli, kada a taɓa da hannu. Sai ɗaukar hoto: a ajiye ma'auni a gefe, a ɗauki dutsen duka da kewayensa, sannan a matso. Sassaƙa ta fi fitowa da hantsi ko la'asar, lokacin da rana ke dukanta ta gefe. Zanen da ya koɗe kuwa manhajar DStretch na fito da shi a kwamfuta. A ɗauki lambar GPS, amma kada a baza ta a intanet, ɓarayin kayan tarihi ma suna dubawa.

Akwai nakiyoyi a kewayen katangar yashin da Maroko ta gina, kuma faɗan da aka tsagaita a 1991 ya dawo tun Nuwamba 2020. Kada ɗalibi ya taka inda masu cire nakiya ba su tabbatar da lafiyarsa ba.

Abin da na fi nacewa a kai: hotuna da bayanan su zauna a hannun Sahrawi, cikin Larabci, jami'ar Turai ta riƙe kwafi kawai. Kuma kafin ka tafi, zauna ka kalli ɗalibanka suna koyar da sabon rukuni da kansu.