Darasi: Me ya sa aljihun kabad ke cijewa da damina?

 Darasinmu na yau a kan kabad ne da aljihunsa, wanda wasu ke kira durowa.

Bayan kaka ake yawan biki a ƙasar Damagaram. Uba ya sayar da gyaɗa ko akuya, ya shiga Kasuwar Dole ya sayo wa ɗiyarsa gado da kabad. Ran jere kowa ya yaba. Amma damina na faɗuwa, sai aljihu ya cije. Amarya ta ja da ƙarfi, marfi ya ɓalle a hannunta. Kuɗin akuya sun tafi. Mu san dalili, don kada mu sake asara.

Katako yana shan ruwa

Ko an sare itace an tsaga shi, bai daina shan danshin iska ba. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, katako yakan kumbura. Da hunturu da bazara sai ya bushe ya tsuke. Ta faɗi yake kumbura, tsawonsa kusan ba ya sakewa. Katako mai faɗin santimita 30 yana iya ƙaruwa da milimita 3, ko ma fiye. Milimita 10 ne ke yin santimita 1. Abin kaɗan ne a ido, amma ya isa ya hana aljihu motsi.

Yawancin katakon da kafintocinmu ke aiki da shi daga kudu yake zuwa, ta Nijeriya, inda ake ruwa da yawa. In ya iso da ɗanyensa, a jera shi a inuwa ya bushe tukuna. Wanda aka yi aiki da shi ɗanye zai tsage ko ya karkace.

Hanyar aljihu

Ku zare aljihu ku leƙa cikin kabad. Za ku ga siraran katakai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ne hanyar aljihu, a kansu yake tafiya. Dole su zama daidai wa daida, kada ɗaya ya fi ɗaya bisa. A yi su da itace mai ƙarfi kamar maɗaci, don su ne ke shan guga kullum.

Kafinta mai hankali yana duba lokaci. In da rani yake aiki, katako a tsuke yake, sai ya bar sarari kamar milimita 2 a bisa aljihu, don kumburin damina. In da damina ne, ya rage sararin, tun da katakon zai tsuke da kansa.

Yanzu akwai hanyar ƙarfe, mai ƙananan ƙwallaye a ciki. Ita ba ta kumbura. Irin wadda ake ɗaurawa a gefe tana son sarari na milimita 13 a kowane gefe. Maƙiyinta ƙura ce. In hazo ya sauka, a riƙa share ta da tsumma busasshe.

Ƙofa mai ja

Wani kabad ƙofarsa ba ta buɗewa waje, ja ake yi gefe cikin kwarmi. Tana da amfani a ƙaramin ɗaki. Kwarmin bisa ya ninka na ƙasa zurfi. Haka za a iya ɗaga ƙofar a fitar da ita, a share yashin da ya taru, a mayar.

Hawa mai matsawa

Kwanukan amarya ba girmansu ɗaya ba. Akwai langa, akwai samira, akwai babbar kwalla. In an kafe katakon hawa da ƙusa, ba ya matsawa, kwalla ta rasa wuri. Ga dabara. Kafinta ya huda jerin ramuka a bangon kabad daga ciki, layi biyu dama, layi biyu hagu. A sa ƴan turaku huɗu cikin ramukan, a aza katako a kai. In ana son ƙarin wuri, a zare turaku a sa su a ramin bisa ko na ƙasa. A masana'antu, faɗin kowane rami milimita 5 ne, tsakanin rami da rami kuwa milimita 32. Kafintan ƙauye ma zai iya. Ya huda siririn katako ɗaya ya zama ma'auni, ya riƙa aza shi a kowane layi, ramuka su zo daidai.

In aljihu ya cije

Kada a ja da ƙarfi, kada a buga. A fito da shi a hankali. Wurin da ya yi sheƙi, nan yake guga. A goge wurin kaɗan da samfefa, sannan a shafa kyandir ko busasshen sabulu. Kada a sa man gyaɗa, ƙura za ta manne, abin ya ƙara cijewa. Kada kuma a kankare da yawa, don da rani aljihun zai yi sako-sako.

Kafin ka biya

Ja kowane aljihu har ƙarshe, ka mayar da shi da hannu ɗaya. Tambayi kafinta yaushe katakon ya zo. Duba ko hawa yana matsawa. A gida kuma, aza ƙafafun kabad bisa duwatsu, ka janye shi kaɗan daga bango, saboda gara da danshi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A wane lokaci katako ke kumbura?
2. Me ya sa ba a shafa wa aljihu man gyaɗa?
3. Lissafi: faɗin ramin kabad santimita 50 ne. Milimita nawa ke nan? In za a sa hanyar ƙarfe dama da hagu, milimita nawa faɗin aljihu zai zama?

Ku tattauna da malaminku a aji. Wanda ya gane, ya karanta wa maƙwabcinsa kafin ranar kasuwa.