Kafin a Murɗa Maka Baya

Wani tela ya shigo ɗakin gashin ƙashi inda nake aiki, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ɗayan riƙe da waya. Ko zama bai yi ba ya miƙo mini bidiyo: an kwantar da mutum, an murɗa masa wuya, ji kake ƙas! Ya ce, "Likita, irin wannan nake so a yi mini. Wata huɗu ke nan a zaune nake sallah."

Abin da ya gani shi ake kira kairofraktik, wato dannawa da murɗa gaɓoɓin ƙashin baya da hannu. Wani mai suna Daniel David Palmer ne ya fara shi a 1895 a garin Davenport na Amurka, bisa imanin cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka. Binciken likitanci bai gaskata wannan ba. Duk wanda ya ce maka murɗa baya na maganin hawan jini, ciwon suga, asma ko rashin haihuwa, ka riƙe kuɗinka. Ita kanta ƙarar da ke burge mutane iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kake ji idan ka ja yatsanka. Babu ƙashin da ya koma mazauninsa.

Amma fa aikin yana da amfaninsa, musamman ga ciwon ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a 2020, kuma shi ke kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Dannawar hannu tana rage zafi, tana sassauta gaɓa, sai dai sauƙin matsakaici ne, kusan daidai da na motsa jiki.

Na duba telan nan da kyau, na sassauta masa ƙugu da hannu, na koya masa motsi uku da zai riƙa yi a kan tabarma. Na ce ya gyara tsayin kujerarsa, ya riƙa tashi daga kan keken ɗinki duk bayan rabin awa, ya ɗan taka bayan Asuba. Da ya dawo bayan wasu makonni, ban tambaye shi zafi ba tukuna. Na ce, "Malam, yaya ruku'u?" Sai ya sunkuya a gabana, ya dafa gwiwoyinsa, ya ɗago yana murmushi. Barcinsa ya dawo, ya daina yi wa yara tsawa, ya karɓi ɗinkin Sallah. Da irin wannan nake auna sauƙi.

Inda na fi jin tsoro shi ne wuya. Murɗa shi da ƙarfi na iya yaga jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma yana faruwa. Haka kuma ba a taɓa bayan mai karaya, ko mai ciwon daji, ko dattijon da ƙashinsa ya yi rauni. A nan wajenmu tarin fuka ma yana cin ƙashin baya, kuma da ciwon baya yake fara sallama.

Don Allah, idan ciwon bayanka ya zo da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa, ko fitsari da bayan gida suna kufce maka, kada ka bari kowa ya danna ka. Ka tafi asibiti a ranar.