Darasin Kimiyya: Me Ya Sa Ƙullin Ribon Ke Faɗuwa Daga Katin Biki?

Yara, ku kawo hankalinku nan. Katin gayyatar ɗaurin aure ne a hannuna, irin wanda yayyenku mata ke haɗawa da hannu a Nima da Maamobi, su raba wa dangi har nan Abossey Okai. Ku dubi tsakiyarsa. Ga tabon gam ya bushe, amma ƙullin ribon ya faɗi tun a cikin ambulan. Abin yana ba ni takaici, domin na san daren da aka raba ana wannan aiki. Yau za mu gano dalili.

Mu fara da takarda. Da zaruruwan itace ake yin ta, masu suna selulos, kuma tsakaninsu akwai ƙananan kafofi da ido ba ya gani. In ka shafa mata gam mai ruwa, ko kokon sitacin rogo, ko ƙaro, sai ta tsotse shi. Ruwan ya bushe, gam ɗin ya sandare cikin kafofin, ya kama kamar saiwa a ƙasa. Shi kuwa ribon mai sheƙi da ake sayowa a kasuwar Makola, yawancinsa na foliyesta ne, dangin roba. Santsi gare shi, kuma zarensa ba ya shan ruwa sai kaɗan. Saboda haka gam ya riƙe takarda da kyau, amma ya rasa inda zai kama ribon ɗin.

Mai yin kati kan ga haka sai ta ƙara lafta gam, nan kuwa ɓarnar take. Zaren takarda na kumbura idan ya jiƙa. Gefen da ya sha ruwa ya miƙe, ɗayan yana nan yadda yake, sai katin ya lanƙwashe. Ga shi Accra na bakin teku, iskarta cike da laima, musamman a watan Yuni, don haka gam kan daɗe bai bushe ba. Da hunturu ne kawai yake saurin kamawa.

To, mene ne mafita? Ku leƙa kasuwar kayan mota da ke kusa da mu. Yawanci bakanike ba ya sa gam a noti. Matse shi yake yi, ƙarfe ya ciji ƙarfe. Wannan ƙarfin da ke hana abu biyu zamewa a kan juna shi ake kira gogayya, kuma shi ne ke riƙe kowane ƙulli.

Kowa ya ɗauki katinsa. Ku huda ƙofa biyu, tsakaninsu santimita 1 zuwa 2. Ku zura ribon ta baya, bakinsa biyu su fito gaba. A ɗaurin farko ku ɗora dama kan hagu. Ku naɗe kunnuwa biyu, a ɗauri na biyu kuma hagu ta hau dama. Ku kula da wannan sauyin sosai! In kun maimaita hannu ɗaya sau biyu, ƙullin zai karkace ya tsaya a tsaye, kuma ya fi saurin kwancewa. In kun sauya, kunnuwan za su kwanta daidai, kamar fikafikan malam-buɗe-littafi.

Saura bakin ribon. Ku yanke shi a karkace da almakashi mai kaifi. Ni zan wuce da shi kusa da harshen kyandir, ba ku ba. Foliyesta na narkewa a wajen digiri 250 na ma'aunin Salshiyos, sai bakin ya liƙe ya daina zarewa. Na auduga ba ya narkewa, ƙonewa yake yi.

Aikin gida: ku yi kati uku. Ɗaya da gam kaɗai, ɗaya da ƙullin da aka maimaita hannu, ɗaya da wanda aka sauya. Ku sa su cikin jakar makaranta, ku yi ta yawo da su, ran Litinin mu zazzage a kan tebur mu ƙirga waɗanda suka tsira.