Nasiha ga Jikana Mai Rubuta Wasan Kwaikwayo

 Mahaifiyarka ta gaya mini ka ajiye alƙalami, wai ba za ka ƙarasa wasan da ka fara rubutawa ba sai ka sami mai zuba kuɗi, tunda labarin yana buƙatar manyan motoci da gidan bene da taron ɗaruruwan mutane. Ban ga laifinka ba, abin da idonka ya saba gani ke nan. Amma tunda kai ka zaɓi wannan sana'a, ya kamata ka san yadda take a hannun Girkawa, waɗanda rubutattun wasanninsu suka fi na kowa daɗewa a duniya, da kuma abin da ta zama bayan ta koma hannun Rumawa. Shekarun da zan ambata na kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, sai inda na ce akasin haka, don haka ƙidayarsu raguwa take yi.

A birnin Atina, duk shekara in sanyi ya wuce, wajen ƙarshen watan Maris, akan yi bikin wani abin bautarsu mai suna Diyonisus. Bautar gumakansu ba ruwanmu da ita, sana'ar muke dubawa. A gangaren dutsen Akrofolis ake taruwa, dubban mutane a kan bencinan katako, rana ce fitilarsu. Marubuta uku hukuma ke zaɓa su yi gasa, kowa da yininsa, kowa ya kawo wasannin ban tausayi uku da na raha ɗaya. Da farko ɗan wasa ɗaya ne tak yake magana da 'yan amshi. Askilos ya ƙara na biyu, Sofokilis ya ƙara na uku, daga nan aka tsaya. Dukkansu maza ne, suna sanye da fuskar da aka ƙera, mutum ya fito a sarki, ya shiga ɗaki ya sauya fuska, ya dawo a tsohuwa. 'Yan amshi 12 ne, daga baya suka zama 15. Kisa kuwa da wuya a yi shi a gaban jama'a. A bayan ƙofa ake yi, sai manzo ya fito ya ba da labari. Ka ga ke nan marubuci ba shi da maɓoya. In maganar da ya sa a bakin manzon ba ta sa ɗan kallo ya ga abin da idon zuci ba, wasa ya mutu.

Kada ka ɗauka ƙarancin kaya ya rage wa wasan ƙarfi. A shekarar 494 Farisawa suka ci birnin Militus da yaƙi, garin 'yan'uwan mutanen Atina, suka kashe maza, suka kwashe mata da yara. Ba a daɗe ba wani marubuci, Firinikos, ya mayar da abin wasa. Masanin tarihi Hirodotus ya rawaito cewa 'yan kallo gaba ɗaya suka fashe da kuka. Sakamakonsa shi ne aka ci shi tarar dirakma 1,000 saboda ya tuna musu da masifarsu, aka kuma hana sake yin wasan. Gyambon ɗanye ne, shi kuwa ya danna yatsa a kai.

Askilos ya fi shi dabara. Shi soja ne, ya yi yaƙin Maraton a 490, a can ɗan'uwansa ya mutu. A 480 Farisawa suka ƙone Atina, sannan aka karya rundunar jiragen ruwansu a mashigin Salamis. Bayan shekara 8, a 472, Askilos ya kawo wasansa mai suna Farisawa, wanda shi ne mafi tsufa cikin duk wasannin da suka iso gare mu. Masu kallon su ne mayaƙan da suka tuƙa jiragen, kango na ƙonannun ɗakunan bautarsu yana bisa kansu. Da kai ne, na san abin da za ka nema: jirage, wuta, taron sojoji, kirarin jarumai. Shi kuwa sai ya ɗauke wasan ɗungurungum ya kai shi fadar abokan gaba a birnin Susa. Dattawan Farisa suna zaman jiran labari. Uwar sarki ta yi mummunan mafarki. Sai ga manzo ɗaya ya shigo, da bakinsa kaɗai ya nutsar da ɗaruruwan jirage, ya cika teku da gawawwaki. A ƙarshe sarki Zarksis ya shigo cikin yagaggun tufafi ana makoki. Ko Bagirke ɗaya ba a kira sunansa ba a duk wasan. Wanda ya ci yaƙi aka zaunar, aka sa shi ya saurari kukan uwar wanda ya kayar, ya ji yadda girman kai ke rusa mai mulki, alhali shi ma garinsa ya fara jin ƙarfi. Aka ba wasan na ɗaya. Ni dai a karance-karancena ban ga nasihar da aka yi wa masu nasara cikin hikima kamar wannan ba, kuma abin da ta ci bai wuce 'yan wasa biyu da 'yan amshi ba.

Ba na cewa ba su kashe kuɗi ba. Akan ɗora wa wani attajiri nauyin horar da 'yan amshi da ɗinka musu kaya, kuma wanda ya ɗauki nauyin Farisawa saurayi ne a lokacin, Ferikilis, wanda daga baya ya zama jagoran birnin. Sai dai hukuma ce ke haɗa attajiri da marubuci, rubutun kuma yana riga kuɗin zuwa. Suna ma da wata na'ura, ƙugiya da ke ɗaga ɗan wasa sama in zai fito a matsayin abin bauta. Ita ma ba ta tsira daga bakin masanin falsafa Aristotal ba. Da marubuci Yurifidis ya yi amfani da ita ya tserar da jarumar wasansa Midiya a ƙarshen labarin, Aristotal ya ce warwarar ƙulli daga cikin labarin ya kamata ta fito, ba daga na'ura ba.

Tunda na ambaci Midiya, ga wata magana a gefe. Alƙalan gasar mutum 10 ne da ake fitarwa ta hanyar ƙuri'a, kuma ihun jama'a yana shiga kunnensu. A 431 suka ba Yurifidis na uku, wato na ƙarshe, a shekarar da ya kawo Midiya. Wasan Sofokilis na Sarki Idifus, wanda Aristotal ya riƙa buga misali da shi, na biyu ya zo, aka fifita wani Filokilis wanda yau ko wasansa ɗaya cikakke babu. Yurifidis sau 4 kacal ya ci gasar a rayuwarsa, amma wasanninsa da suka rage sun fi na Askilos da na Sofokilis a haɗe yawa. Ranar da aka hana ka lambar yabo, ka tuna da su kafin ka yi fushi da abinci.

Rumawa aro suka yi. A 240 wani mutumin Tarentum, Libiyus Andronikus, ya fara juya wasan Girkawa zuwa Latin aka yi shi a birnin Rum. Sun sami gwanaye, musamman Fulotus, mai bawan nan ɗan wayo da ke juya ubangidansa yadda ya so. Amma wanda nake so ka sani shi ne Terens. Ɗan Afirka ne, a Kartaj aka haife shi, ƙasar Tunisiya ta yau. Bawa aka kai shi Rum, ubangidansa ya ilmantar da shi ya 'yanta shi. Wasanni 6 ya rubuta, masu sanyin harshe, ba hayaniya. A 165 aka ɗora wasansa mai suna Suruka. Ana cikin farawa sai labari ya bazu cewa ga 'yan dambe da mai tafiya a kan igiya, hankalin jama'a ya koma can, wasa ya watse. A 160 aka sake gwadawa, kashin farko ya tafi lafiya, sai aka ce za a fito da masu faɗa da takubba, taro ya yamutse ana rububin wurin zama. Karo na uku, a cikin shekarar dai, tsohon ɗan wasa Ambibiyus Turfiyo ya fito gaban jama'a ya roƙe su su yi shiru su ba wasan dama. Suka ba shi, aka kai ƙarshe. Abin lura, Terens bai cusa ɗan dambe a cikin labarin don ya riƙe su ba. Wasanninsa 6 duk suna nan, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana koyar da yaran Turai Latin da su.

Sai dai Rum ba hanyar Terens ta bi ba. A can masu neman muƙami ne ke shirya bukukuwa don su sayi zukatan masu zaɓe, kowa yana son nasa ya fi na wanda ya gabace shi. Dattawan majalisa sun daɗe suna hana gina gidan wasa na dutse, sai a 55 babban kwamanda Fomfi ya gina na farko, ya buɗe shi da gagarumin biki. Sisero, shahararren lauyan nan, yana wurin, ya kuma rubuta wa abokinsa wasiƙa yana ƙorafi. Ya ce a wani wasa alfadarai 600 aka koro kan dandamali, a wani aka jera manyan kwanuka 3,000, jama'a suna ta mamaki, shi kuwa bai ga abin jin daɗi ba. Tsofaffin wasanni ne masu kyau, amma wa zai saurari magana alfadarai suna wucewa?

Abin kallo kamar yaji yake, harshen da ya saba da shi kullum ƙari yake nema. A hankali rubutaccen wasa ya ja baya, rawa ba magana da barkwancin batsa suka cika dandamali. A shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) aka buɗe filin Kolosiyam, kuma mawaƙi Marshiyal ya ba da labarin wani da aka yanke wa hukuncin kisa, aka sa shi ya fito a matsayin ɗan fashin wani sanannen wasa, aka gicciye shi da gaske, aka sakar masa dabba ta yayyaga shi. Girkawa sun ɓoye kisan ƙarya a bayan ƙofa, waɗannan sun kawo na gaske tsakiyar fili. Dalilan lalacewar suna da yawa, amma a ganina babbansu shi ne mai biya yana son tafi nan take, marubuci kuma ya sakar masa ragama. Ɗan wasa ma bai ci riba ba. A Atina an taɓa tura 'yan wasa jakadanci wurin sarki Filibus na Makidoniya, a Rum kuwa doka ta sa su cikin marasa mutunci, duk da dukiyar da wasunsu suka tara. Manyan gidajen wasan da Rumawa suka gina suna nan tsaye a Sabrata da Labda a Libiya, da Dugga a Tunisiya, amma wasannin da aka rubuta domin su kusan duk sun ɓace.

To, ɗan nan, ban ce ka ƙi kuɗi in sun zo ba, sana'a ce, kuma za ka yi iyali. Abin da nake roƙonka shi ne ka gwada rubutunka kafin su zo. Ka tara abokanka uku a zaure, ba kwalliya, ba kiɗa, su karanta shi da baki a gaban ƙannenka da mahaifiyarka. Inda ka ga an fara hamma ko duba waya, ka sa alama, nan ne rubutun ya yi rauni, kuma mota ba za ta gyara shi ba. Inda aka yi tsit, ka bar shi yadda yake ko da mai kuɗi ya ce a cusa waƙa a wurin. Ka nemi Farisawa da Suruka ka karanta, akwai fassararsu ta Turanci a intanet kyauta, kowanne bai fi zama ɗaya ba. In ka zo hutu ka taho da naka rubutun, idona ya yi rauni, kai za ka karanta mini. Allah ya yi maka albarka.