Kafin Mu Ce An Cuce Mu a Sola

Idan ikilisiya a Gonin Gora ko a ƙauyukan Chikun ta haɗa baiko ta sayi fanel ɗin sola domin fitilun majami'a ko famfon burtsatse, ba a rasa ɗan'uwan da zai kawo mita ya gwada, ya ce an cuce mu. Wani lokaci da gaskiyarsa. Amma sau da yawa gwajin ne bai yi daidai ba.

Lambar da ke bayan fanel, misali wat 100, a ɗakin gwaji aka samo ta, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, zafin fanel kuma digiri 25. A kan rufin kwano a watan Maris, fanel yana iya kai digiri 60. Silikon da ake yin fanel da shi ba ya son zafi. Kowane digiri ɗaya bisa 25 yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100. Ke nan mai wat 100 zai ba da kamar 86, alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙurar hunturu ma tana cin nata rabo.

Kuskuren da ya fi cin kuɗinmu shi ne auna bolt kaɗai. Bolt ba ya sauka sosai ko da rana ta yi sanyi. Ƙaramin fanel da aka manna wa lambar babba zai nuna bolt 21 kamar na gaske, mai sayarwa ya ce, "Kun gani?" Amfiya ce ke tona asiri.

Saboda haka mu gwada da tsakar rana, sama garau. Mu goge gilashin, mu raba fanel ɗin da batir, mu juya fuskarsa ga rana sosai. Fanel ɗaya-ɗaya za a auna, kuma a lulluɓe shi da zane kafin a haɗa waya. Mai riƙe da mita ya lura da inuwarsa, gama inuwar hannu kaɗai takan rage amfiya. Mu kwatanta bolt da lambar Voc, amfiya da lambar Isc. Kada mu ninka su biyun mu ce wat ke nan, ainihin ƙarfin wajen kashi 3 cikin 4 ne na wannan.

In amfiya ta tsaya a rabin Isc kwana biyu ana rana mai kyau, kwamiti ya ɗauki rasit ya koma wurin mai sayarwa.