Darasi a Kan Yaro Mai Taurin Kai

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Uba, kada ka rushe abin da uwa ta gina,
Uwa, kada ki ɓoye wutar da ɗanki ya kunna.
Ku yanke shawara tun yaro yana kwana,
Ya tashi ya iske baki ɗaya da rana.

Sharhi: Ya 'yan'uwa, na tsara baitocin nan saboda kukan da muridai ke kawowa zawiya bayan wazifa. Uba ya ce uwa ta sangarta yaro, uwa ta aiko cewa uba bai san komai ba sai bulala. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku duba Suratul Baƙara, aya ta 233. Allah Ta'ala ya ɗora yaye jariri kafin cikar shekara biyu a kan yardar iyaye biyu da shawararsu. Idan cire nono yana son shawara, ina ga horon yaron da ya fara ɗauke-ɗauke da gudun makarantar allo? Hadisin Buhari da Muslim kuma ya sanya miji makiyayin iyalinsa, mace makiyayiyar gidan mijinta da ɗiyansa, kowa za a tambaye shi.

Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, ya raba aikin cikin Ihya'u: uba ya tsare kwarjinin maganarsa, kada ya yi faɗa sai jefi-jefi, uwa ta riƙa kwaɓa tana tsoratar da yaro da ubansa. To, ga matsalar ƙasarmu. Magidanci ya bar Damagaram ko Maraɗi ya tafi cin rani wata shida, uwa ita kaɗai da yaro. Ranar da ya komo da tsaraba, sai ya yi dariya ya soke hukuncin da ta yanke, a gaban yaron! Wallahi daga ranar maganarta ta mutu. Idan ka ga ta tsananta, faɗa mata cikin ɗaki.

Ke kuma, 'yar'uwa, kunyar ɗan fari al'ada ce. Ba ta ɗauke miki sanar da ubansa cewa an kama shi da kuɗin maƙwabta ba. Ki faɗa tun bai ji a majalisa ba. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.