Yini Ɗaya a Gandun Namun Daji na Jos

Jama'a, darasinmu na yau labarin tafiya ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A watan Disamba mu da 'yan ajin yaƙi da jahilci na Maruta muka yi karo-karo, muka ɗauki shatar mota, muka tafi Jos domin mu ga gandun namun daji da ke kan duwatsu. Mu 14 ne, har da wani dattijo tsohon maharbi da jikansa. Mun je mun dawo a yini ɗaya. Ga yadda aka yi.

Hanya

Da aka idar da sallar asuba muka kama hanya. Muka bi ta Ningi da Kafin Madaki, muka karya kumallo a Bauchi. Daga Bauchi zuwa Jos kamar kilomita 130 ne. Muka wuce Dutsen Zaranda, da Nabordo, da Magama, da Tilden Fulani. Duk garin da muka zo, 'yan aji ne su ke karanta sunansa a allon bakin hanya, ba wanda ya tambayi direba. Mota ta yi ta hawa tana nishi. Kunnuwanmu suka toshe, sai mun haɗiyi yawu su buɗe. Wajen ƙarfe goma da rabi muka shiga Jos.

Me ya sa a ke sanyi a can?

Da muka sauka sai kowa ya jawo mayafinsa. Ku lura da dalili. Ƙasarmu ta Gwaram da Birnin Kudu ba ta kai mita 500 bisa teku ba. Jos kuwa ta kai mita 1,200, watau kamar ƙafa 4,000. Duwatsun Shere da ke gabas da gari sun wuce mita 1,800. In mutum ya hau sama mita 1,000, zafin iska ya kan ragu da kamar digiri 6. Saboda haka ne dankalin Turawa ya ke yin kyau a can, mu kuwa namu gero da dawa da riɗi. Wanda zai je da hunturu lalle ya riƙe rigar sanyi.

Cikin gandu

Gandun yana kan hanyar Miyango, a gefen gari. An kafa shi a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Faɗinsa murabba'in kilomita 8, watau kusan eka 2,000. Akwai tuddai da duwatsu da ƙoramu a ciki, da wasu itatuwa dogaye masu ganye kamar allura.

Muka biya kuɗin shiga a ƙofa, aka ba mu tikiti. Wani ma'aikacin gandu ya shige gaba, muna biye. Ya faɗa mana dokoki. Kada a jefi dabba. Kada a ba ta abinci. Kada a zura hannu cikin keji. Kada a kunna wuta, kada a sari itace. A riƙe hannun yara.

Muka ga zaki kwance bayan ƙarafa, da kura tana kai da kawowa. Muka ga kada a bakin ruwa, da mesa a naɗe, da birai, da jimina. Namun da ke da haɗari suna cikin keji, wasu kuwa a fili mai shingen waya. Wanda ya ke so ya ga giwa tana yawo a daji yadda Allah ya halicce ta, sai ya je Yankari a Jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Amma zuwa Yankari ya fi daɗi da kwana.

Maganar maharbi

Da yaron nan ya ga kura sai ya ce, "Kaka, wane irin kare ne wannan?" Jama'a suka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Ya juyo ya ce, "Malam, ka ji ko? Sa'ad da ina kamarsa, kukan kura ne ya ke hana mu fita da dare. Gada da barewa kuwa a bayan gari mu ke harbinsu. Yau ga shi sai mun biya kuɗin mota kafin jikana ya ga kura."

Muka ce, "Baba, ina suka tafi?"

Ya ce, "Mu muka cinye su. Mun harbi mai ciki, mun harbi mai shayarwa. Mun sa wa daji wuta saboda gafiya ɗaya. Sauran dajin kuma gona da gawayi suka ci."

To, jama'a, gaskiya ya faɗa. Abu ya kan ɓace daga ƙasa ƙaƙaf. Ku je Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu, ku dubi zanen da mutanen da suka bari a jikin dutse. Za ku ga shanu marasa tozo. Yau wa ke kiwon irinsu a garinmu? Zanensu kaɗai ya rage. Amfanin gandu ke nan: a bar wa namun daji wurin da za su ci, su sha, su haihu, ba mai taɓa su.

Ruwanmu daga can ya ke

Wataƙila wani ya ce, ina ruwanmu da duwatsun Jos? Akwai ruwanmu ƙwarai. Kogin Bunga, wanda a gaba a ke kira kogin Jama'are, daga tuddan Jos ya taso. Shi ne ya ke gangarowa ta ƙasar Gwaram, mu yi su a cikinsa, mu shayar da dabbobi, mu yi noman rani. Itace da ciyawa a kan tudu su ne su ke riƙe ruwan sama, ya nutse cikin ƙasa, ya riƙa tsattsafowa sannu a hankali. In aka sare su, ruwa sai ya gangaro gaba ɗaya da damina, ya ci gonaki, da rani kuma kogi ya ƙafe da wuri. Wanda ya tsare dajin kan dutse ya tsare fadamar mutumin gangare.

Komowa

Muka yi sallar azahar, muka ci guzurinmu, muka sayi dankali da kabeji tsaraba. Ƙarfe biyu muka juyo, gama tafiyar dare ba ta da kyau. Da magariba muna gida. Wanda zai je ya tambayi lafiyar hanya tukuna, ya sammaka, ya sa takalmin da zai iya hawan dutse da shi.

A mota 'yan aji suka ɗauki alkawari uku. Ba za su sa wa daji wuta ba. Ba za su harbi dabba mai ciki ko mai ɗa ba. Kowa zai dasa itace biyu da damina, ya yi musu shinge saboda awaki. Dattijon nan shi ya rubuta alkawarin da hannunsa, takardar tana manne a bangon ajinmu.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa muka wuce tsakanin Bauchi da Jos?
2. A wace shekara aka kafa gandun Jos? Shekara nawa ke nan bayan an buɗe Yankari?
3. Me ya sa Jos ta fi garinmu sanyi?
4. Ina ne mafarin kogin Bunga?
5. Ku tambayi dattawan unguwarku, ku rubuto sunayen namun daji biyar da a ke gani a da, yanzu kuwa babu su.